Ƙwan LED: Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu Kuwa?

Tun ranar 3 ga Afrilun 2024, da hukumar kula da harkar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, magidanta suka fara yi wa kayan wutar gidajensu kallon tuhuma. Firji, hita da dutsen guga su aka fi ɗora wa laifi. Ƙwan fitila kuwa ba a cika waiwayarsa ba, alhali shi ne yake kwana a kunne, kuma da wuya a samu gidan da yake da guda ɗaya tak.

A shagon kayan wuta, ƙwan LED mai inganci yakan ninka tsohon jan ƙwai a farashi sau da dama. Ga kuma ƙorafin da ake yawan ji: an rubuta a kwali zai yi shekaru, amma bai kai wata uku ba ya mutu. To ina gaskiyar take? Amsar a taƙaice ita ce, LED yana mayar da kuɗinsa har da riba, da sharaɗin ya daɗe bai mutu ba. Daɗewar tasa kuma ta dogara ne da irin wanda aka saya da kuma inda aka maƙala shi.

Iri uku da ke kasuwa

Na farko shi ne jan ƙwai, wanda ke da siririn zare a tsakiya. Asalinsa yana komawa ga irin wanda Thomas Edison ya fitar a Amurka a 1879. Lantarki yana bi ta zaren, wanda a yau ake yi da ƙarfen tongistin, ya yi zafi har ya fara haske. Matsalarsa ita ce kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Mai wat 60 yana ba da hasken da ya kai lumen 800, kuma yakan yi kimanin awa 1,000 kafin zaren ya tsinke.

Na biyu shi ne farin ƙwai mai murɗaɗɗen gilashi, wanda ake kira CFL. Shi ya yi tashe kafin zuwan LED. Da wat 13 zuwa 15 yake ba da lumen 800 ɗin, kuma yana iya yin awa 8,000. Sai dai a cikinsa akwai ɗan sinadarin zaiba mai guba, shi ya sa ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata suka amince a 2022 cewa za a daina ƙera irinsa na gida da fataucinsa zuwa ƙarshen 2025.

Na uku shi ne LED. Ba shi da zare, ba shi da zaiba. Ƙananan ƙwayoyi ne irin waɗanda ke bayan waya suna ba da hasken tocila. Da wat 8 zuwa 10 yake ba da lumen 800, kuma masu ƙera na ƙwarai sukan rubuta masa awa 15,000 zuwa 25,000.

Fasahar ta daɗe tana tafe. A 1962 Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya ƙera LED mai jan haske. Abin da ya gagara shekara da shekaru shi ne shuɗi, har sai da wasu 'yan Japan uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano na Jami'ar Nagoya da Shuji Nakamura na kamfanin Nichia, suka cimma shi a farkon shekarun 1990. Aikin ya sa sun samu kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Farin hasken da ake gani a ƙwan LED na yau shuɗin ne aka lulluɓe da wani sinadari mai ruwan ɗorawa. Duk wanda ya kalli tocilan wayarsa a kashe zai ga ɗigon ruwan ɗorawar.

Lissafin mai mita

Yunit ɗaya na wuta shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. Da wannan kaɗai kowa zai iya yin lissafin a kalkuletar wayarsa.

A ɗauki ƙwai ɗaya da ake kunnawa awa 6 a kullum, wato awa 180 a wata. Jan ƙwai mai wat 60 zai sha yunit 10.8. LED mai wat 9, wanda haskensu ɗaya, zai sha yunit 1.62. Bambancin ya ɗan haura yunit 9.

Kuɗin Band A ya ɗan sauka bayan ƙarin farko, inda ya koma naira 209.5 a watan Yulin 2024. A wannan farashi, jan ƙwan zai ci kusan naira 2,260 a wata, LED kuma kusan naira 340. Rarar ta kai naira 1,900 da ɗoriya a ƙwai ɗaya. Gidan da ke da ƙwai shida yana maganar fiye da naira 11,000 ke nan duk wata. A ce an sayi LED ɗin a kan naira 2,000, cikin wata guda da 'yan kwanaki ya biya kansa.

Ga waɗanda ke sauran rukunan, daga Band B zuwa E, yunit ya fi araha sosai. Idan aka yi misali da naira 65, rarar za ta zama kusan naira 600 a wata, ƙwan kuma zai mayar da kuɗinsa cikin wata uku zuwa huɗu. Farashin yakan bambanta tsakanin KEDCO da Kaduna Electric da sauran kamfanonin rarraba wuta, don haka ya fi kyau mutum ya duba rasidin sayen yunit ɗinsa ya yi lissafi da nasa.

Labarin yana sauyawa idan CFL ne a maƙale. Tsakanin mai wat 15 da LED mai wat 9, bambancin bai wuce yunit 1.08 a wata ba. A Band A kusan naira 230 ke nan, sai ƙwan ya yi wata tara kafin ya biya kansa. A farashin naira 65 kuwa sai ya haura shekara biyu. Saboda haka wanda CFL ɗinsa ke aiki lafiya ba sai ya yi gaggawar cirewa ba. Ya bari ranar da ya mutu ya maye gurbinsa da LED.

Akwai kuma gidajen da ba su da mita, waɗanda ake kawo wa bil na kintace. Su kam ko sun sauya duk ƙwayayen gidan, takardar da za a kawo musu ƙarshen wata ba za ta san da zancen ba. Ribarsu tana wani wajen: raguwar zafi, raguwar yawan sayen ƙwai, da sauƙin nauyi a kan janareta.

Janareta da sola

Tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin da ake yi da lissafi. A nan akwai abin da ya kamata a fahimta. Ƙaramin janareta yana shan mai ko da ba a ɗora masa komai ba, don haka rage nauyin fitilu da kashi 85 cikin 100 ba zai rage shan mai da kashi 85 ba. Za a samu sauƙi, amma bai kai haka ba.

Babbar ribar ita ce sararin da ake samu. Ƙaramin janaretan nan da ake gani a ƙofar shaguna ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Jan ƙwai goma sun cinye wat 600, sai a ji injin yana nishi da an kunna fanka. LED goma kuwa wat 90 ne kacal. Sauran ƙarfin ya isa fanka, talabijin, kwamfuta da cajin wayoyi. Wani lokaci wannan ne bambanci tsakanin ci gaba da amfani da ƙaramin inji da kuma sayen babba mai shan mai.

A wajen masu sola da inbata ne LED ya fi nuna kansa. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da kimanin yunit 1.2. Idan irin mai ruwa ne ko mai dalma, masu haɗa sola suna ba da shawarar kada a sha fiye da rabinsa don ya yi ƙarko, saura yunit 0.6 ke nan. Jan ƙwai huɗu za su zuƙe wannan cikin awa biyu da rabi. LED huɗu masu wat 9 za su kai kusan awa 16 a lissafi, ko da inbata ta ci nata kason za su kwana a kunne. Wanda ya san kuɗin batir a yau ya san cewa sayen ƙwai mai kyau ya fi ƙara batir sauƙi nesa ba kusa ba.

Ga mai waya, ga wani ma'auni mai sauƙi. Batirin waya mai 5,000mAh yana ɗaukar abin da bai kai wat 20 na awa guda ba. Wutar da ake tsimi a dare ɗaya idan aka cire jan ƙwai guda aka sa LED ta isa ta cika irin wannan waya fiye da sau goma.

Zafin ɗaki

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, duk wani ƙarin ɗumi a ɗaki abin gudu ne. Jikin mutum a zaune yana fitar da zafin da ya kai kimanin wat 100. Jan ƙwai biyu a falo tamkar an ƙara mutum guda ne da ɗoriya a ɗakin. Mai na'urar sanyaya ɗaki kuma biya biyu yake yi: ya biya kuɗin zafin da ƙwan ya kawo, ya biya kuɗin fitar da shi.

Wannan zafin ne ya sa har yanzu jan ƙwai yake da amfani a wuri ɗaya. Masu kiwon kaji suna rataya shi ne don ɗumama 'yan tsaki, kuma LED ba zai yi musu wannan aikin ba.

Me ya sa wasu ke saurin mutuwa?

Nan ne gizo yake saƙa. Ƙwayoyin LED ɗin kansu ba su cika zama sanadin mutuwar ƙwai ba. A gindin kowane ƙwai akwai ɗan ƙaramin allo da masu gyara ke kira direba. Aikinsa shi ne karɓar wutar gida mai bolt 230 ya mayar da ita irin wadda ƙwayoyin ke buƙata, daidai yadda kan caja yake yi wa waya. Kamar yadda ake da caja ta asali da ta bogi, haka ake da direba mai kyau da na jeka-na-yi-ka.

Abubuwa uku ne suka fi kashe shi.

Na farko zafi. LED ba ya fitar da zafi kamar jan ƙwai, amma ɗan wanda yake fitarwa a gindinsa yake taruwa. Ƙwai mai kyau yana da alminiyom a cikin gindin don watsa zafin. Mai araha kuwa roba ce zalla. A cikin direban akwai kapasita, wadda injiniyoyi suka daɗe da sanin cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage kwananta da kusan rabi. Adadin awannin da ake rubutawa a kwali a ɗaki mai sanyi aka auna shi. Ƙwan da aka kulle cikin gilashin ado da iska ba ta shiga, ko aka rataya dab da rufin kwano a tsakiyar bazara, ba zai kai wannan adadin ba.

Na biyu hawa da saukar wuta. Wani lokaci a kawo ƙaramar wuta, wani lokaci a kawo babba, ga janareta da ƙarfinsa ke rawa. Direba mai kyau yana jure wannan. Za a ga an rubuta masa 85–265V ko 100–240V, ma'ana haskensa ba zai sauya ba matuƙar wutar tana tsakanin nan. Wanda aka rubuta wa 220–240V kaɗai yakan dushe ko ya riƙa ƙiftawa idan wuta ta yi ƙasa.

Na uku tilasta wa ƙwayoyin. Don rage kuɗin ƙira, wasu masana'antu kan sa ƙwayoyi kaɗan su tura musu wutar da ta fi ƙarfinsu. A shago ƙwan zai yi haske tarwai, bayan 'yan makonni sai a ga ɗigon baƙi a kan ɗaya daga cikin ƙwayoyin. Da yake a jere aka haɗa su, ɗaya ta ƙone duka sun mutu.

Idan aka koma ga lissafi, ƙwan naira 700 da ake sauyawa duk wata uku ya ci naira 2,800 a shekara. Na naira 2,000 da ya yi shekara biyu, naira 1,000 ya ci a shekara. Araha ba ta ado.

Abin dubawa kafin a biya

A fara da lumen. An saba auna haske da wat tun zamanin jan ƙwai, amma wat yawan wutar da ƙwai ke sha yake nunawa, lumen kuma yawan hasken da yake bayarwa. Lumen 450 ya yi daidai da tsohon wat 40, lumen 800 da wat 60, lumen 1,600 kuma da wat 100. A raba lumen da wat: ƙwai mai kyau yana ba da 90 zuwa sama da 100 a kan kowane wat. Kwalin da babu lumen a jikinsa sam, sai wani ƙaton adadi na wat, abin a yi hattara da shi ne.

A duba launin haske. Lambar da ke da harafin K ita ce ke nuna shi. 2700K zuwa 3000K haske ne mai ɗan ja-ja, ya dace da ɗakin kwana. 4000K tsaka-tsaki ne. 6500K fari ne fat mai ɗan shuɗi, ya dace da kicin, shago da tsakar gida. Haske mai shuɗi da yawa da dare yana iya jinkirta barci, dalilin da ya sa wayoyi ke da tsarin da ke mayar da fuskar waya ja-ja da dare. Tela, mai kwalliya da mai sayar da atamfa su nemi lambar CRI ko Ra da ta kai 80 ko fiye, don launin kaya ya fito yadda yake.

A duba gindi. Akwai mai fil biyu da ake dannawa a murɗa, B22, akwai kuma mai zare da ake juyawa, E27. Ɗaukar hoton mazaunin ƙwan gida kafin a fita yana hana komawa kasuwa sau biyu.

A ɗaga a ji nauyi. Ba hujja ce tabbatacciya ba, amma ƙwan da aka ce wat ɗinsa da yawa, ga shi sakayau kamar fanko, da wuya a ce akwai alminiyom ɗin kirki a ciki.

A gwada da waya. Idan an kunna ƙwan a shago, a buɗe kyamara a haska shi, ko a ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. In aka ga baƙaƙen layuka masu kauri suna gudu a fuskar waya, ƙwan yana ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, alamar an yi tsimi a direbansa. Ido ba ya ganin wannan kai tsaye, amma yana sa wasu ciwon kai da gajiyar ido, kuma yana ɓata bidiyon masu ɗaukar TikTok da YouTube a ɗaki. Akwai kuma manhajojin auna haske da ke amfani da na'urar jin haske ta gaban waya. Ba su kai na'urar ƙwararru ba, amma sun isa a kwatanta ƙwai biyu daga tazara ɗaya.

A tambayi garanti. Mai shagon da ya yarda ya rubuta kwanan wata a gindin ƙwan, ya ce a dawo da shi idan ya mutu cikin wata shida ko shekara, ya yarda da kayansa.

Ƙwai mai caji da sauran ƙananan matsaloli

Ƙwan da ke ci gaba da haske bayan an ɗauke wuta ya samu karɓuwa sosai. A cikinsa akwai ƙaramin batirin litiyom da ke caji idan akwai wuta. Yana da amfani a tsakar gida, banɗaki da wajen karatun ɗalibai. Sai dai a sani cewa haskensa a kan batir bai kai na lokacin wuta ba, kuma batirin, kamar na waya, zafi yana cinye shi, don haka shi yakan riga sauran sassan mutuwa.

Wasu kuma kan tsorata idan suka kashe makunni amma ƙwan ya ci gaba da ɗan haske kamar na aljanu. Yawanci hakan na faruwa ne idan mai haɗa wuta ya ɗora makunnin a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta maimakon mai wutar, ko kuma makunnin yana da 'yar fitilar nuni. Ɗan abin da ke zurarowa bai isa ya kunna jan ƙwai ba, amma ya ishi LED. Wannan aikin mai gyaran wuta ne, domin irin wannan haɗin yana iya jan mutum lokacin sauya ƙwai ko da makunni a kashe yake.

Inda duniya ta dosa

Tarayyar Turai ta janye jan ƙwai daga kasuwanninta tsakanin 2009 da 2012. Amurka ta fara aiwatar da dokar hana sayar da mafi yawansu gaba ɗaya a watan Agustan 2023. Indiya kuwa ta bi wata hanya: a 2015 ta ƙaddamar da shirin UJALA, inda gwamnati ke sayen ƙwan LED da yawan gaske ta sayar wa jama'a da rahusa. An raba sama da miliyan 360, kuma farashin da ake sayo kowane ɗaya ya faɗo daga rufi 310 a 2014 zuwa rufi 38 a 2016. Wannan ya nuna cewa ƙasar da wuta ba ta wadata ba tana iya samun sauƙi ta hanyar rage abin da fitilu ke sha, ba sai ta jira gina sabuwar tasha ba. A Najeriya, hukumar SON ce ke da alhakin tantance ingancin kayan da ake shigowa da su, amma kasuwa cike take da ƙwayaye marasa suna, don haka babban aikin tantancewa yana wuyan mai saye.

Ta ina za a fara?

Ba dole ba ne a sauya duk gidan rana ɗaya. A fara da fitilun da suka fi daɗewa a kunne: ta ƙofar gida da ke kwana, ta tsakar gida, ta falo da ta kicin. Su ne ke mayar da kuɗi da wuri. Ƙwan sito da ake kunnawa minti biyar a mako zai iya jira.

Wanda ke shakkar wani iri ya sayi guda biyu kawai, ya rubuta ranar da ya maƙala su a gindinsu da alƙalami, ya kuma ajiye hoton kwalin a wayarsa. Idan suka tsallake zafin bazara da ɗauke-ɗauken wutar damina lafiya, ya samu irin da zai cika gidan da shi. Mai mita kuma ya rubuta yawan yunit ɗin da yake sha a mako kafin sauyin da bayansa, lambobin za su faɗa masa ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.